Haruffan Sanfefa

Workum, 4 ga Maris

Zuwa ga Marrit,

Bayan gaisuwa, da fatan ke da yaran ajin kuna lafiya. Ni dai ina nan, ina zaman ritayar da kowa ke cewa hutu ne.

Jiya a kasuwa na haɗu da mahaifiyar Jildou wajen mai sayar da cuku. Ko keke ban gama jinginewa ba ta fara: wai Jildou ta san haruffa goma sha ɗaya, wai duk aikin Malama Marrit ne. Shekara biyu yarinyar nan ta yi a hannuna ko harafi ɗaya bai zauna mata ba, ke wata biyu kacal har ana yabonki a kasuwa. Na yi murmushi, na dawo gida ban sayi cukun ba.

To, akwatin haruffan sanfefa da kike koya mata da shi nawa ne, ba na makaranta ba. Marigayi mijina Sjoerd ya yanka allunan, ni na yanka haruffan daga sanfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako, na manna, tun ba a haife ki ba. Ina son kayana ranar Juma'a.

Ki huta lafiya,
Aukje

Bolsward, 7 ga Maris

Zuwa ga Malama Aukje,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Yara suna tambayarki kullum.

Akwati naki ne, babu musu. Roƙona ki bar mana shi zuwa hutun bazara. Kowace safiya Jildou takan jiƙa yatsunta a ruwan ɗumi, ta ɗauko allo, ta bi harafin da yatsu biyu tana furta sautinsa, kamar yadda kika koya mana. Idan aka ɗauke shi yanzu ina tsoron ta koma gidan jiya, ga shi baɗi za ta shiga ajin karatu. Ba zan ɓoye miki ba, na ɗan yi wa haruffan gyara.

Ɗalibarki,
Marrit

Workum, 9 ga Maris

Marrit,

Na gaishe ki. Gyara? Wa ya sa ki? Shekara talatin da huɗu haruffan nan suna aiki, sai da kika zo suka zama abin gyara?

Ni na koya miki zama gefen yaro ba gabansa ba. Ni na hana ki yawan surutu in yaro yana aiki, don lokacin da kika zo koyon aiki bakinki ba ya rufuwa. Bari in faɗa miki gaskiya tunda babu mai jinmu: kishi nake yi. Ina kwana da yarinyar nan a raina ina tashi da ita, na gwada duk dabarar da na sani, ƙarshe na kira iyayenta na ce musu ba ta da saurin ɗauka, su yi haƙuri. Yanzu da wane ido zan kalle su? Ki aiko min da kayana yadda suke.

Aukje

Bolsward, 11 ga Maris

Zuwa ga Malama Aukje,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ga akwatin nan, direban motar madara zai ajiye miki a ƙofa.

Ban so faɗa ba, amma gara ki ji daga bakina. Ban fi ki dabara ba, Malama. Ranar farko da na shafa haruffan na ji sun yi sumul. Yatsun yara sun cinye kaushin sanfefar tas, yaro yana bin harafi amma ba ya jin bambancinsa da katako. Sai na ɓamɓare su na manna sababbi, siffarsu ɗaya da naki. Da Jildou ta taɓa na farko ta janye hannu, ta ce, "Malama, wannan yana karce ni," sannan ta sake taɓawa.

Tsofaffin ban zubar ba, suna cikin ambulan a ƙasan akwatin. Ki rufe ido ki shafa tsoho da sabo.

Jildou ta nemi akwatin yau da safe, na ce mata ya je gaishe ki.

Taki da ladabi,
Marrit

Workum, 14 ga Maris

Marrit,

Ina gaisuwa. Na rufe ido na shafa. Duk ɗaya na ji su. Na kira maƙwabciyata Tjitske, taɓawa ɗaya ta yi wa tsohon ta ce, "Haba Aukje, wannan ai kamar faranti yake."

Shekara huɗu ke nan da likita ya ce min jijiyoyin yatsuna sun fara mutuwa. Na ɗauka abin a ɓalle maɓalli da zura zare a allura ya tsaya.

Akwati zai iso gare ki gobe kafin yara su shigo. Ki riƙe shi. Kishin kuwa yana nan, kada ki ɗauka ya wuce.

Ba iyayen Jildou kaɗai na ce wa ɗiyarsu ba ta da saurin ɗauka ba. A shekarun nan huɗu gida bakwai ne. Ki duba min adireshinsu a ofis, zan je da ƙafata in ba su haƙuri.

Ki gaida yara,
Aukje