Shi Nake So

Yaya Safiyatu,

Gaisuwa mai yawa daga Gwagwalada. Ya jikin Inna? Ki gaishe min da Baba. Ni lafiyata ƙalau.

Na shiga ƙungiyar rawar koroso ta makarantarmu. Ni da ban iya ɗaga ido ba, sai ga ni ina juyi da akayau a ƙafa, har ina jin ni ma wata ce.

Ranar Talata malama ta ce wa Bartholomew, gwaninmu, ya zaɓi abokiyar rawa. Ya nuno wajena ya ce, "Shi nake so." Kin san 'yan Abuja, mace ma "shi" suke ce mata. Na fito gabana yana faɗuwa, kamar a littattafan nan da kike ƙwace min.

Ya ce, "Ba kai ba. Akayau. Cire." Na durƙusa na kwance, ya ɗaura wa wata yarinya, Clara. Har malama ta yi dariya.

Yanzu 'yan ƙungiyar "Shi" suke kirana, an mai da ni layin baya. Ba komai, ban daina zuwa ba. Idan an kaɗa ganga ne dai ƙafata take ƙin tashi.

Kada Inna ta ji. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Nazifa