Wane Gari Ne Ackerman?

Daren Laraba, Dagenham, Ingila

Yau saurayin Hauwa ya zo gaisuwa. Ya durƙusa har ƙasa, gwiwa na ƙara, na san jikanyar tawa ce ta koya masa. Addininsa ba abin cewa. Saura Yaya Sule can gida, da ya ce ba a ɗaura aure sai na binciko asalin yaron.

Na ce, "Kai mai ƙwace min mata, Ackerman ɗin nan da ke bayan sunanka wane gari ne? Wa za mu aika wajen mai garinku?"

Hauwa ta rufe fuska. "Kaka, please! Ba gari ba ne."

Yaron ya ce sunan daga Jamus yake, Ingila ma akwai shi tun da, yanzu sun watsu har Amurka. Wai ma'anarsa mai huɗar gona. Na dubi hannunsa, laushi kamar tuwon shinkafa.

Tun da suka tafi nake ganin mutumin farkon nan da aka laƙaba wa sunan. Yana bin shanun huɗa cikin sanyin asuba, ƙafa duk taɓo, bai san sunansa zai tsiro a ƙetaren teku ba. Ni ma sunan ƙauyenmu nake yawo da shi, tun da malamin firamare ya rasa yadda zai bambanta mu Musa-Musan ajin. Yau in na je can, sai an tambaye ni ɗan gidan wa.

Ɗazu na kira Yaya. Ya ce, "To, su waye?"

Na ce, "Na bincika. Manoma ne, kaka da kakanni."

Ya ce, "Ashe namu ne. A sa rana."