Katin da Auta Ta Zaɓa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya aiki, ya zaman jirgin ruwa? Maigidana Malam yana gaishe ka, ya ce ko har yanzu teku na juya maka ciki?

Yaya, kwamfutar da ka haɗa mini ta fara ba ni kunya. Ka san aikin da na samu daga ƙungiyar makarantun kurame, na katun mai koyar da yara maganar hannu. Malam ne ke yin alamun, ni kuma ina ɗaukarsa da kyamara in mayar da hannunsa zane mai motsi. Saura mako uku in nuna wa kwamitinsu minti goma na farko. In sun gamsu, duk darussan shekara nawa ne. In ba su gamsu ba, akwai wani kamfani a layi.

Matsalar yatsu ce. Da na saka haske da inuwa sai hoton ya riƙa tsalle, daga baya kwamfutar ta rubuto wai ma'adanar katin hoto ta cika, komai ya tsaya. Jiya Malam ya kalli gwajin, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce mutumin katun ɗin yana son ya ce "barka da zuwa", amma abin da ya fito kamar yana korar kaji ne. Na yi dariya, amma raina bai yi daɗi ba. Shekara tara yana koyarwa da littafi mai hotuna marasa motsi, wannan ne karo na farko da ya sa rai.

Wane kati zan saya? Kai ka san cikin injin nan.

Taka ƙanwa,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau, sai zafin ɗakin injin.

Magana ɗaya ce: ki sayi babban, mai fanka uku, wanda ya fi kowanne a shagon. Akwatin wutar da na saka miki wat ɗari takwas da hamsin ne, zai ɗauke shi ko gezau. Amma kada ki buɗe kwamfutar nan. Na san ki, ke ce kika taɓa kwance rediyon Baba kika bar noti huɗu a hannu. Ki ajiye katin a kwalinsa, nan da mako biyar ina gida. Ki roƙi kwamitin su ƙara miki lokaci.

Gobe za mu shiga inda babu sabis, sai kin ji ni. Ki gaida Malam.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na san ba za ka ga wannan da wuri ba, amma gara ka ji daga bakina.

Kwamitin sun ƙi. Shugabar ta ce mini, "Ranar da muka sa, ita ce ranar." Saboda haka na buɗe kwamfutar. Ka yi haƙuri. Na jera notin a cikin murfin kwalba, na ɗauki hoton kowace waya kafin in taɓa ta.

Na auna wurin katin da tef ɗin ɗinkina, santimita talatin cif. Babban katin naka talatin da huɗu ne, ko da guduma ba zai shiga ba. Sannan, Yaya, takardar da ke jikin akwatin wutar ɗari shida da hamsin ta ce. Na goge ƙura, na haska da waya, har na kira Malam ya karanta. Ɗari shida da hamsin. Wannan kam sai ka dawo ka yi mini bayani.

Na tafi shagon da ke saman bene, wanda ake hawa ta bayan masu gyaran waya. Mai shagon ya dube ni ya ce, "Hajiya, yaro za a saya wa na wasan gem?"

Na ce, "Ni za a saya wa, kuma na aiki ne."

Ya fito da biyu da za su shiga akwatina. Ɗaya ya fi gudu, amma ma'adanarsa gig takwas. Ɗayan gudunsa bai kai ba, ma'adanarsa gig sha shida, kuma bai cika shan wuta ba. Ya dafa mai gudun ya ce, "Wannan kowa ke ɗauka."

Na ce, "Ba kowa ke zana yatsu goma da inuwarsu ba. Ga aikina a filas, mu gwada a injinka."

Ya ɗan ɓata fuska, amma ya yarda. Mai gudun ya tashi da ƙarfinsa, a minti na uku ya tsaya cak, ya rubuto irin saƙon da nake gani a gida. Mai sha shida ya tafi a hankali har ƙarshe, babu ko tuntuɓe. Mai shagon ya ce, "Hajiya, ki bar mini lambarki, akwai masu zuwa da irin tambayar nan ban san me zan ce musu ba."

Mai sha shidan na ɗauko. Yana nan kan tebur.

Auta

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Har yanzu shiru, Allah ya sa lafiya. Zauna ka sha labari.

Na saka katin da safe bayan na cire komai daga wuta. Na danna shi a raminsa har ya ce ƙas, na ɗaure, na kunna. Fanka na juyawa, sikirin baƙi ƙirin. Na ce shi ke nan, na ƙone aikin shekara. Malam ya zagaya bayan tebur, ya taɓa kafaɗata, ya nuna mini wayar sikirin: a tsohon ramin na mayar da ita, ba a jikin sabon katin ba. Na canja. Haske ya kawo. Na yi ihun da maƙwabciya ta leƙo ta taga.

Abin da ke cin yini guda yanzu kafin in gama shan shayi ya kammala. Na gyara yatsun ɗaya bayan ɗaya, Malam na tsaye a kaina yana cewa wannan ya lanƙwashe da yawa, wancan ya yi sauri.

Jiya muka nuna. Kwamitin sun zauna a baya, suka sa 'yan aji ɗaya a gaba, su ashirin da uku. Mutumin katun ya fito ya yi gaisuwa, sai hannaye ashirin da uku suka tashi suka amsa masa. Ba wanda ya ce su yi. Da ya tambayi sunansu, kowa ya shiga faɗin nasa, har suna ture juna don ya gan su. Na waiwaya in ga Malam, na tarar ya juya wa mutane baya yana goge ido da hularsa.

Shugabar ba ta jira an gama ba. Ta matso ta ce, "Darasi na biyu yaushe?"

An ba ni aikin, Yaya. Duka. Kuma ko noti ɗaya bai ragu a murfin kwalbar ba.

Taka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Yau muka samu sabis, wasiƙunki biyu suka shigo tare. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune, na karanta wa abokan aikina.

Akwatin wutar, ni ne. Bara da nawa ya mutu na ɗauki naki na saka miki ƙarami, na ce zan mayar, na manta. Da kin bi maganata da Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Ki yafe mini. Kin fi ni iya zaɓe.

Ki turo mini darasin farko. Shekara tara ke nan ina gaida mijinki ta bakinki, tunda shi ba ya ji, ni kuma ban iya maganar hannu ba. Ina so ranar da zan sauka in gaishe shi da hannuna.

Yayanki