Yadda Inna Take Riƙe Waya

Tajaye, ranar Laraba

Zuwa ga yayana Isma'il,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka na nan Abijan. Allah ya ƙara maka lafiya, ya buɗa maka kasuwa, ya tsare ka a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau muke, sai zafi da ya sa mu gaba, ko ruwan randa sai ka ce an ɗora shi a wuta. Kawu Hamani ya samu sauƙin ƙafarsa, har yana takawa masallaci da sanda. Ƙanwarka Zahara'u ta sauka lafiya, mace aka samu, an sa mata Asma'u, kuma hancinka ne sak a fuskarta, Allah ya ba ta haƙurin ɗaukarsa. Maigidana Sanusi ya fara sharar gona, hatsin rumbu kuma in Allah ya yarda zai kai mu damina.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Ni ma rabona da riƙe biro tun barina makarantar lakwal. Amma kai ka ja. Na kira ka har na gaji ba ka ɗauka ba, na aika bokal, saƙon murya, ba ka buɗe ba, Kawu da girmansa ya kira ka ka ƙyale shi. Tanimun direba yana lodin albasa a Galmi, gobe zai kamo hanyarku, shi ne na ce to bari in bi ka da abin da ba ya buƙatar rezo, wato sabis ɗin waya. In rubuta layi biyu in tashi in zaga tsakar gida, in dawo in zauna, haka nake tun safe. Don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushin naka.

Tanimun ne ya kawo mana labarin da ya hana ni sukuni. Ya ce ka je wurin mahaifin Raihanatu, yarinyar da kake nema, ka ce a dakata da maganar aure domin Inna ba ta yarda ba. Ya ce ka faɗa masa da bakinka cewa duk lokacin da ka ɗauko zancen, Inna kashe maka waya take yi, alhali da kowa tana doguwar hira, kai kaɗai ake katsewa. Ya kuma ce dattijon ya amsa cewa shi ba zai rataye 'yarsa ba, akwai wani mai nema, in Babbar Salla ta wuce bai ji daga gidanmu ba zai ba shi. Yaya, Salla fa ba ta da nisa.

Abin da ka faɗa gaskiya ne, kai kaɗai ake katsewa. Amma bari ka ji yadda abin ya kasance ta nan wajenmu. Ranar da ka kira ka yi zancen auren, ina bakin ƙofa ina tankaɗe, na kasa kunne na ji duk abin da Inna ta ce. Ta ce Allah ya sanya albarka. Ta tambaya 'yar wane gida ce, ko iyayenta suna raye. Sannan ta shiga addu'a, ta yi maka, ta yi wa yarinyar, ta yi wa 'ya'yan da ba a haifa ba, ta ce da Baba yana da rai da ya fi kowa murna. Ta daɗe tana yi. Da ta fito sai ta miƙo mini wayar ta ce wancan na Abijan ya yi shiru, ko amin bai ce ba. Ka sake kira washegari, aka sake yin haka. Mu duk a zatonmu ka ji amsarta kafin layin ya yanke, mun zauna muna jiran ka aiko da rana. Ashe kai kana can kana haɗiyar zuciya, ita kuma bango take yi wa addu'a.

Da kiranka ya ɗauke gaba ɗaya, sai ita ma ta ɗauki nata zaton. Ba ta faɗa mini ba, ka san ta, a bakin ƙanwarta Salamatu ta Dogarawa na ji. Wai ta ce ƙila tambayoyinta ne suka yi maka yawa, ƙila ka samu surukai 'yan birni kana jin nauyin a ji muryar tsohuwar ƙauye. Tun daga nan abincinta ya ragu. In na yi magana ta ce zafi ne. Ta tashi daga tabarma ta koma gindin rumbu, ta tashi daga nan ta je ta tsaya bakin zaure tana kallon hanya, ba ta jiran kowa. Wayar kuwa ba ta yarda cajinta ya ƙare, kullum tana ɗaure a bakin zane.

Ni na ɗauka wayar ce ta lalace. Na shiga mota na kai ta Konni wurin wani mai gyara a bakin kasuwa. Ya buɗe, ya hura, ya duba, ya kira lambarsa da ita ta shiga garau, ya ce lafiyarta ƙalau, ta ma fi tasa. Na dawo a matse tsakanin buhun masara da wata mata mai kaji, raina ya fi na tafiya ɓaci.

Ranar Lahadin da ta wuce ne Allah ya nuna mini abin. Inna tana tsakar gida tana ƙulla ƙuli-ƙuli, hannunta duk mai, sai Salamatu ta kira. Ta ɗauki wayar da kan yatsu biyu don kada ta ɓata ta, ta riƙe ta nesa da kunne, tana ɗaga murya tana dariya, ana jin su har gidan maƙwabta. Suka yi zancen suna, suka yi zancen tsadar barkono, suka ci naman rabin mutanen Dogarawa, layin ko gezau. Ina tsaye ina kallon yatsun nan biyu, sai na tuna yadda take yi in kai ne.

Kai ba ka taɓa gani ba, don kana can ɗaya bakin. Da zarar na duba na ce Yaya ne, sai ta miƙe ta goge hannu, ta gyara kallabi kamar za ka gan ta. Ta shige ɗaki, ta wuce can ƙurya bayan gado, ta juya fuska ga bango. Sannan ta rungume wayar da hannu biyu, ɗaya ya naɗe gindinta da gefenta, ɗayan ya rufe bakinta da wayar gaba ɗaya, ta kuma jawo hijabi ta lulluɓe duka, don kada wani mahaluki ya ji tana magana da ɗanta na fari. Kai ne ɗan fari, Yaya. Matar da ba ta taɓa kiran sunanka ba tun da ta haife ka, wadda in ka zo gida ka durƙusa gaisuwa garu take kallo tana amsawa, ita ce kake so ta tsaya tsakar gida ta yi zancen aurenka da yatsu biyu? 'Yar tsohuwar wayarta mai madannai tana jure wannan matsa. Wannan babbar ta shafawa da ka aiko mata ba ta jurewa, ga shi rezon Tajaye dama da ƙyar yake numfashi.

Ban yarda da kaina ba sai da na gwada. Na shiga ƙuryar, na ga sandunan rezo biyu a saman gilashi. Na rufe ta da hannuwa yadda Inna take yi, na ɗan jima, na leƙa ta tsakanin yatsu, babu ko ɗaya. Na buɗe hannu, suka dawo. Na yi ta yi ina maimaitawa kamar wadda ta taɓu. Na sa Zahara'u ta kira daga gidanta, muna cikin magana na rufe, sai ɗif. Na kira mai gyaran nan na Konni na ba shi labari, ya ce ai haka ne, irin waɗannan ta gefe da ta gindi suke kama rezo, inda yake da rauni tafin hannu ma ya isa ya kashe shi. Na yi dariya har na zauna a bakin gado, daga nan kuma sai kuka ya zo mini, ban san lokacin da ɗaya ya koma ɗaya ba.

Faɗa wa Inna shi ya fi wuya. Na nuna mata sandunan suna tafiya suna dawowa. Ta kalla, ta kalli tafin hannunta. Can ta tambaye ni, wato wancan bai ji komai ba ke nan, ko albarkar bai ji ba? Na ce ko kalma ɗaya. Sai na ga ba amfanin ɓoyewa, na faɗa mata saƙon Tanimun duka, har wa'adin Salla. Ta zame ta zauna a ƙasa. Ba kai ta fara ambata ba, yarinyar ta ambata. Ta ce 'yar mutane tana can ana nuna ta da baki, ana cewa uwar miji ta ƙi ta, alhali ko fuskarta ba ta taɓa gani ba. Ta ce wannan nauyi da wane ido za ta kai shi gaban Allah.

Na ce to ta yi bokal a tura maka. Ta ce Allah ya kiyaye, abin da za a ajiye ana kunnawa gaban jama'a. Kawu ya ce shi zai yi magana a madadinta, na ce ai ba ka ɗaukar nasa, kuma na san halinka, cewa za ka yi lallashinta aka yi, in ba muryarta ka ji ba ba za ka yarda ba. Sai muka shiga koyon riƙo. In kira ta da wayar Sanusi daga zaure, ta riƙe da yatsu biyu tsaf, mu yi magana lafiya. Da na ce to Inna, ki ɗauka Yaya ne, sai in ga ɗaya hannun yana tasowa a hankali daga cinyarta, ita kanta ba ta sani ba, kafin ka ce me ya rufe baki. Mun yi ta yi har ta ji haushi ta ce in ƙyale ta, hannun ya girme ni.

Kai ma kuma bari in faɗa maka, ko da yake kai ne babba, ka yi haƙuri. Zuciyar Baba ka ɗauko ba ka rage komai ba. Ka zauna can ka yanke hukunci kai kaɗai, ka rufe ƙofa, ba ka tambayi ko ni ba. Inna ce za ta kashe maka waya? Matar da har yau ba ta san inda jan maɓallin yake ba, in ta gama magana miƙo mini take yi ta ce in rufe bakin abin nan? Wallahi na ji haushinka ƙwarai, kuma na ji tausayinka, don na san ba ƙaramin abu ne zai sa ka janye daga yarinyar da kake so ba. Ka zaɓi uwarka a kan abin da ranka yake so, Allah ya ba ka ladan wannan. Sai dai uwar taka ba ta nemi hakan ba.

Yanzu ga dabarar da aka tsaya a kai, kuma ita ta kawo ta da kanta. An kifa turmi kusa da rumbu, inda rezo ya fi ƙarfi a gidan. Bayan sallar la'asar za a ɗora wayar a kai, na nuna mata inda za ta taɓa da yatsa ɗaya ta amsa, da inda za ta taɓa murya ta fito fili. Mu duka za mu fice mu koma gidan Zahara'u, a jawo ƙofar zaure. Ita kuma za ta zauna a tabarma ta ba turmin baya, ta danne hannuwanta a ƙarƙashin cinya don kada su ci amanarta. Ka tuna agogonmu yana gaba da naku, la'asar ɗinmu nake nufi. Ka ɗaga murya, kuma in ka ji shiru kada ka kashe, kunya ce, ka ba ta lokaci. Da kun gama kada ka tsaya cin abinci, ka nemi dattawa biyu ku tafi gidan su Raihanatu a ranar.

Na gaya wa Inna motar albasa tana kwanaki a hanya, ba yau ko gobe takardar za ta isa ba. Ta ce ta sani. Amma tun shekaranjiya ta fara zaman. Jiya har kaji ta kora waje, ta zauna ita kaɗai har aka kira magariba, da na dawo na tarar hannuwanta sun mutu da dannewa, sai da na murza mata su.

Kawu Hamani yana gaishe ka, ya ce goro da kayan neman aure nasa ne, kai dai ka buɗe baki. Sanusi yana gaishe ka, Zahara'u da maigidanta da jaririya suna gaishe ka, Salamatu ta ce in ka zo sai ta ja kunnenka. Ka gaida Malami abokin ɗakinka, ka gaida mutanen Tajaye da ke nan gaba ɗaya. Ka gaida Raihanatu, ka ce ƙanwarka tana ba ta haƙuri. Na tambayi Inna ko tana da saƙo, ta ce a gaida mutanen gidan su yarinyar da kyau, sauran kuma ba na takarda ba ne.

Zan tsaya nan, ba don maganar ta ƙare ba. An idar da la'asar, ga Inna nan ta leƙo ta ce in kwashe takarduna in fita.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Badi'a