Ƙullin da Babanki Ya Ƙara a Igiya

Jorunn, hasken idona, ɗumin ɗakina, ranar da nake jira duk tsawon hunturu, matata mai taurin kai wadda na fi so a duniya,

Ina gaishe ki daga tsakiyar teku, inda iska ke dukan ƙarafan wannan dandalin haƙar mai kamar mun yi mata laifi. Ina ci, ina aiki, amma tun ranar da muka sauka daga jirgin ruwan nan, kika bi iyayenki gona ni kuma na dawo bakin aiki, hankalina bai kwanta ba. A waya ki ce mini lafiya lau, ki tambaya ko na taho da safar ulu, ki kashe. Ni ma kin san nauyin bakina, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin tuna safiyar da jirgi ya kutsa can ƙuryar mashigin teku, duwatsu suka matso ta dama da hagu, ruwa kore shar ya kwanta luf? Baba Halvard ne ya tattara dangi kaf cikin jirgi ɗaya don cikarsa shekara saba'in. Ya ce kowa ya riƙe kyautarsa, shi dai a raka shi ya sake taka ƙatuwar ƙanƙarar kan duwatsu da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai baƙi yawo a kanta. Sai ga ta, ta gangaro daga tsakanin duwatsu, fara sol daga sama, cikinta shuɗi irin na idanunki in ranki ya ɓaci. Kowa ya ruga gaban jirgi yana ɗaukar hoto. Ni ke nake kallo, abar ƙaunata, don tun da na san ki ban ga abin da ya fi ki kyan kallo ba.

Na kawo miki baƙin kofi, kika kawar da kai. Ke da ba kya amsa gaisuwar kowa da safe sai kin sha! Kika ce jirgi ne ke juya miki ciki. Wane jirgin, Jorunn? A kan ruwan da ko motsi ba ya yi? Ba ke ce kika taɓa cin soyayyen kifi ana tsakiyar guguwa, kina yi mini dariya ina rungume da bokitin amai ba?

Ina cikin wannan tunani sai wani ɓangaren ƙanƙarar, ya kai girman coci, ya tsage da ƙara kamar aradu, ya rufta cikin ruwa. Ruwan ya taso ya ɗaga jirgi. Kowa ya cafki ƙarfe, Mama Aslaug ta cafki Baba. Ke ba ki kama ƙarfe ba, ba ki kama ni ba. Hannuwanki biyu a kan cikinki suka sauka. Na gani, zuciyata, na gani, kuma tun daga lokacin gabana bai daina faɗuwa ba.

Da aka sauke mu a gindin ƙanƙarar, Baba ya warware tsohuwar igiyarsa da masu hawa ke ɗaure juna da ita. Kin fi ni sanin al'adar gidanku: kowane ɗan gida da ƙullinsa a jikinta, har yayanki da ke ƙasar waje sai an yi masa nasa an bar shi yana lilo. Ke da kullum kike bayan Baba, sai kika zauna a kan dutse kika ce gwiwarki ce. Baba ya ce, "Gwiwa kuma? Ni mai saba'in ban yi kukan gwiwa ba sai ke?" Mama ko ɗago kai ba ta yi ba daga ɓare miki lemo, ta ce, "Halvard, ɗaure igiyarka ka ƙyale yarinya." Ya dubi matarsa, ya dube ki, ya ci gaba da ƙulli.

Sai da muka yi nisa a kan ƙanƙara na lura. Naki ƙullin yana gabana babu kowa a ciki, kuma dab da shi akwai wani ɗan ƙarami, bai fi dunƙulen hannun jariri ba. Na ce, "Baba, wannan fa na waye?" Bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Hannun tsoho ne ya zame. Kai dai dubi gabanka, kada ka faɗa rami ka ja mu." Mutumin da hannunsa bai taɓa zamewa a kan igiya ba, Jorunn. Da muka sauko ya kwance na kowa, ya naɗe igiyar da ɗan ƙullin nan a jikinta.

Na san abin da ya kulle miki baki. Bara waccan mun yi saurin murna, mun shafa wa ƙaramin ɗaki fenti, Mama ta fara saƙa hula, sai muka dawo daga asibiti mu biyu kamar yadda muka tafi. Kin same ni a rumfar itace ina kuka, kuma na san tun ranar kika ƙudura ba za ki sake ganina a haka ba. To amma ki dubi halin da nake ciki. In aka kira sunana a wurin aiki sai jikina ya yi sanyi. Tsorona ɗaya ne: kada abin nan ya sake faruwa ina nan, ki je asibiti ke kaɗai, ki dawo ke kaɗai, in na kira ki ce mini lafiya lau. Ya zan yi da raina in na gane daga baya? Wace irin soyayya ce za a raba ni da baƙin cikinki?

Ke kika koya mini hawan ƙanƙara. Ranar farko kika ja ni da wuyan riga kika ce ba a tafiya a kanta mutum ɗaya, ko da shi ne ya fi kowa gwaninta, don rami ba ya nuna kansa. Yanzu ga ki kina ratsa wuri mafi haɗari a rayuwarmu, kin kwance kanki daga jikina. Ba zan iya yi miki alkawarin ƙasa ba za ta burma ba, farin cikina. Abin da na iya shi ne in kafa ƙafa in riƙe. In murna ce mu yi ta tare a tsorace, in kuka ne ki bar ni in yi nawa a kusa da ke, ba zai kashe ni ba.

Ba sai kin yi dogon bayani ba. In na kira ranar Lahadi, kada ki tambaye ni zancen safa. Ki ce kawai, "Tormod, riƙe igiya." Zan gane, kuma jirgin farko da zai tashi daga nan da ni zai tashi.

Naki, a ɗaure da ke, da ɗan ƙaramin ƙullin da ke tsakaninmu ko babu shi, har ƙarshen numfashina,

Tormod