Wuri a Bakin Zanen Rabi

Matameye, daren Alhamis, watan Rajab, 1957

Yau har zaure ana jin dariyar Rabi. Alhamdu lillahi.

Tun da ƙanwar nan tawa ta fara al'ada ta daina fita daka. Ranar farko farin zanenta ya ɓaci a bakin rijiya, 'yan mata suna ta ƙus-ƙus. Ita da ƙyanda ta cinye wa ido tun tana goye, ina za ta gani? Sai da wata tsohuwa ta ja ta gefe. Tun ranar ta shige ɗaki, ko tuwo sai an kai mata.

Da Baba ya aiko wa Inna baƙin zane rinin Kano daga cin rani, na yi ta naci har ta yi tsaki ta ba ni. Na ɗinka wuri, irin na kuɗin da, a bakinsa don hannun Rabi ya gane shi cikin adudu. Na ce duk ran da abin ya zo shi za ta ɗaura, baƙi ba ya tona asiri.

Da safen nan ina shara sai ga ta da shi a ƙugu, taɓarya a hannu. Na raɗa mata, "Tsaya in duba miki."

Ta ce, "Yaya, huta da idonki. Marata ta gaya mini tun jiya."

Na dai duba. Gaskiyarta ce. Ta wuce cikin 'yan matan nan ta yi daka har da lugude.

Ɗazu muna kwance ta ce in ɗinka wuri a nawa zanen ma, wai ni mai idon ce kullum abin yake zo wa ba shiri.