Kabewar Inna a Bokitin Fenti

Zuwa ga ƙanena,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya ƙafar taka? Ni lafiya lau. Ɗana da matarsa ba su rage ni da komai ba, sai dai ni kaɗai nake wuni a saman bene, ina gaida tattabaru ba sa amsawa.

Ka ce ambaliya ta cinye lambun gida, irin kabewar Inna ya ƙare. Kwantar da hankalinka. 'Ya'yanta da na taho da su a aljihu, na shuka a bokitin fenti a baranda. Ta yi yaɗo, ta yi fure, amma kullum sai furen ya zube ba ɗa. Na ƙara taki, har faɗa na yi mata. Na ce shi ke nan, a hannuna irin Inna zai mutu.

Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo, ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Ta yi kukan ƙudan zuma da baki, ta girgiza kai, wato ba ya hawowa nan. Ta tsinki fure ɗaya ta goga a cikin wani.

Ɗan'uwa, yau ga kabewa kamar kan jariri! Na tsufa ina noma ina cika baki, ashe ɗan ƙwaro ne ke ƙarasa mana aikin, ko sannu ban taɓa yi masa ba. Allah mai iko!

Yanzu kowace safiya ni ne ƙudan zuman, da furfurata. In ta nuna zan aiko maka da iri. Ka gyara wuri. In kuma ka ga ƙudan zuma a lambu, ka ce ina gaisuwa.

Yayanka.